Wa zai biya wa wanda kare ya ciza? Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Magajin Birnin Garwa da shugabannin gundumomin Garwa ta ɗaya, ta biyu da ta uku

Ranku ya daɗe, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar garin nan. Ni dattijo ne daga Hausare, sana'ata rubuta wa mutane takarda. Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina zama da ɗan teburina, da can da keken rubutu, yanzu da kwamfuta. Mutum ya zo da kukansa da Hausa ko da Fulatanci, in mayar masa da shi Faransancin da za a karɓa a komisariya ko a kotu. Ƙarar gona, ƙarar bashi, ƙarar gado, na rubuta har ban san iyaka ba. Wannan karon kukan nawa ne, kuma da gangan na zuba shi da Hausa, domin ina so bayan ku a karanta wa mai ƙosai ta bakin titi da mai babur da malamin tsangaya su ma su ji.

A daminar da ta wuce, wata Litinin bayan la'asar, jikata 'yar shekara bakwai tana dawowa daga makarantar allo, allonta a hammata. Akwai wani maƙwabcinmu, gida huɗu tsakaninmu, da ya ajiye kare saboda ɓarayi. Yaronsa ya fitar da babur ya bar ƙofa a buɗe. Karen ya fito ya bi yaran, sauran suka tsere, ita ta yi tuntuɓe ta faɗi, ya cafke ta a sha-raɓar hagu. Ramukan haƙora huɗu ne, biyu sun nutse har ana hangen farin nama, jini ya cika mata silifas. Kafin in iso gida mata sun taru a kanta. Wata ta ce a nemo gashin karen a ƙona a shafa, wata ta ce toka, wata har ta tafi ɗauko barkono. Na ɗauke ta na kai bakin famfo, na sa uwarta ta riƙe ta, na dinga wanke ciwon da sabulu ruwa yana zuba, ina duba agogo sai da minti 15 suka cika. Tana ta ihu, "Kaka, ya isa, Kaka, ya isa." Ban bari ba, domin na san wankin nan shi ne magani na farko, kuma shi kaɗai ne a cikin dukan abin da ya biyo baya ba a nemi kuɗi ba.

A ƙaramin asibitin da muka fara zuwa sun gyara ciwon, suka yi mata allurar tetanus, suka ce allurar haukan kare ba su da ita. Washegari da sassafe muka nufi reshen Cibiyar Pasteur na nan Garwa. Ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta yi mana tambaya uku: karen na wane ne, an yi masa allurar rigakafi, yanzu yana ina? Da na ji su sai gabana ya faɗi, domin tambayoyin da alƙali zai yi ke nan in maganar ta je gabansa. Likita yana son amsarsu don ya san irin maganin da zai bayar, alƙali yana son amsarsu don ya san wanda zai biya. A garinmu kuwa mafi yawan waɗanda kare ya ciza ba sa iya amsa ko ɗaya, kuma dalilin da ya sa na rubuto muku ke nan, domin ku ne hukumar da ke iya sa waɗannan tambayoyi su samu amsa.

Mu dai mun san mai karen. Na je wurinsa da kaina a daren. Abin da ya fara ce mini shi ne, "Malam, karena ba ya cizo sai an tsokane shi." Na nemi katin allura, babu, bai taɓa kai shi ba. Na roƙe shi ya kai karen wurin likitan dabbobi a sa masa ido na kwana 15 kamar yadda ake yi, a duba shi a ranar farko da ta bakwai da ta ƙarshe, domin karen da ya riga ya fara yaɗa cutar ba ya daɗewa bai nuna alama ya mutu ba. In ya wuce waɗannan kwanaki lafiya lau, hankalin kowa ya kwanta. Ya ce to, in sha Allahu. A kwana na uku aka wayi gari babu kare, wai an kai shi ƙauye. Daga nan ba mu da zaɓi sai cika allurai duka: biyu a zuwan farko, ɗaya bayan kwana 7, ɗaya a kwana na 21.

Uban yarinyar mai babur ne, abin da ya samo yau shi ake ci yau. Uwarta ta sayar da tunkiyar da take kiwo don layya, a kan farashin mai gaggawa. Ciwon ya yi ruwa, aka shafe mako uku ana zuwa wanki, kowane zuwa da kuɗin mota da na magani da wunin da uban ya rasa. Mai kare kuwa ya aiko yaro da sefa 2,000 a ambulan, da saƙon cewa a yi haƙuri, ƙaddara ce.

Ƙaddara gaskiya ce, ni ma na yi imani da ita. Amma ƙofar da aka bari a buɗe mutum ne ya bar ta, katin allurar da babu mutum ne bai nema ba. Wanda ya fake da addini don ya guje wa biya, bai tambayi malamai ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu cuta babu cutarwa. Lokacin da taguwar Barra'u ɗan Azib ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, ya yanke cewa masu gona su tsare gonarsu da rana, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa yana wuyan masu su. Akwai hadisin da ke cewa raunin da dabba ta yi babu diyya a cikinsa, kuma shi wasu suke kamawa, amma malamanmu na Malikiyya sun yi bayaninsa tun da daɗewa: wanda ya ajiye kare mai cizo, aka gargaɗe shi bai gyara ba, abin da karen ya ɓata shi zai biya. Karen da nake magana a kai ya taɓa yaga wa wani almajiri riga, an kuma gaya wa mai shi.

Dokar ƙasa ta ma fi haka tsanani. A yankuna takwas na Kamaru masu bin tsarin shari'ar Faransa, har da namu na Arewa, kundin dokar hulɗar jama'a da muka gada tun na 1804 yana da sashe na 1385. Ga abin da ya ce, na juya shi da Hausa yadda yake: mai dabba, ko wanda yake amfani da ita a lokacin da take hannunsa, shi ke ɗaukar alhakin ɓarnar da dabbar ta yi, ko tana ƙarƙashin tsaronsa, ko ta ɓace, ko ta kuɓuce. Ku dubi ƙarshen maganar nan, ranku ya daɗe. "Ai tsinke igiya ya yi" ba hujja ba ce. "Ai ba na gida" ba hujja ba ce. Wanda aka ciza ba a ɗora masa nauyin ya nuna cewa mai kare ya yi sakaci. Ya isa ya nuna cewa wannan kare ne ya cije shi, kuma karen na wane ne. Mai kare ne zai nemi hanyar fita, hanyoyin kuwa ƙalilan ne: ya tabbatar cewa laifin wanda aka ciza ne, kamar ɓarawon da ya haura katanga da tsakar dare, ko laifin wani mutum daban, ko wani abu ya auku da ya fi ƙarfin kowa ya hango ko ya tare. Yarinya mai allo a hammata tana tafiya a titin gwamnati ba ta cikin ko ɗaya.

Abin da ake biya kuma ya wuce kuɗin allura. Akwai kuɗin magani da wankin ciwo, kuɗin zirga-zirga, kwanakin aikin da aka rasa, azabar da mutum ya sha, da tabon da ya rage, musamman in a fuska ne. In rai ya salwanta, iyalai suna da haƙƙin neman diyya. Duk da'awar da ba ta wuce sefa miliyan 10 ba kotun matakin farko ce ke jin ta. Ta ɓangaren laifi kuma, sashe na 289 na dokar hukunta laifuka ta 2016 ya tanadi ɗaurin wata 3 zuwa shekara 5, da tarar sefa 10,000 zuwa 500,000, ko ɗaya daga cikinsu, ga wanda sakacinsa ko rashin kularsa ya jawo mutuwar wani, ko nakasa shi, ko ciwon da ya hana shi aiki fiye da kwana 30. Wanda aka cuta yana iya shiga cikin wannan shari'ar ya nemi diyyarsa a zama ɗaya. Wanda ba shi da hali, dokar 14 ga Afrilu 2009 ta buɗe masa ƙofar neman taimakon shari'a, kuma takardar shaidar rashin hali da ake nema daga ofishinku take fitowa.

Duk wannan na sani, na kuma rubuta wa wasu irinsa. Amma da ta zo kaina, sai da na kwana huɗu takarda tana gabana ban iya sa hannu ba. Mutumin nan sahu ɗaya muke tsayawa da asuba. Matarsa ce ta yi wa 'yata wankan jego. Dattawan unguwa suka zo suka ce, "Malam, maƙwabci ba a kai shi gaban hukuma, a bar wa Allah." Na fahimce su, domin zumunci shi ne abin da talaka ya mallaka. Sai dai na lura da wani abu da ya daɗe yana damuna: duk lokacin da aka ce a yi haƙuri saboda zumunci, wanda aka cuta ake cewa ya haƙura. Ban taɓa jin an taru an je wa mai kare an ce masa saboda zumunci ya biya ba.

A ƙarshe gaban jauro, wato mai unguwa, muka je. Na shimfiɗa rasit-rasit a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya, da takardar likita wadda kotu ke karɓa, wadda a Faransanci ake kira certificat médico-légal, da hoton ciwon da muka ɗauka da waya a ranar, da sunayen mutum biyu da suka ga abin da idonsu. Na karanta sashe na 1385 na fassara. Jauro ya juya ya dubi maƙwabcina ya ce, "Ka ji dai." Ya biya kuɗin allura da na magani a kashi uku. Kwanakin da uban ya rasa da tunkiyar da aka karyar mun yafe, amma mu muka yafe da bakinmu bayan an tabbatar haƙƙinmu ne. Har yau muna gaisawa.

To ni na iya karatu, na san a ajiye rasit, na san lambar sashe. Wanda bai san waɗannan ba fa?

Shekarun baya wani makiyayi ya zo teburina daga wani ƙauye ta hanyar Pitowa. Ya tsuguna, ya ciro wata 'yar hula daga aljihu ya riƙe, ya ce yana so a rubuta masa ƙara amma bai san wanda zai kai ba. Ɗansa ɗan shekara tara ne. Wani kare da ba a san mai shi ba ya ɗan kafce shi a hannu a bakin rijiya, ciwon bai kai a yi magana ba, ya warke cikin mako guda, kowa ya manta. Bayan wata biyu yaron ya fara zazzaɓi, yana cewa wurin tabon yana masa ƙaiƙayi da zugi. Sai ya daina barci. Sai aka miƙa masa ruwa a ƙwarya, ƙishirwa na cinsa, ya kai baki maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture ƙwaryar yana kakari. Ko iska ta taɓa fuskarsa sai ya zabura. Aka ce iskokai ne, aka yi turare, aka yi rubutu. Da aka kawo shi asibiti likita ya ja uban gefe ya gaya masa cewa lokaci ya wuce. Kwana huɗu ya ƙara. Uban ya tambaye ni, "Malam, da na kawo shi ranar da abin ya faru, da ya rayu?" Na yi shiru na daɗe, sannan na gaya masa gaskiya, domin yana da wasu 'ya'yan. Ban rubuta masa komai ba. Babu kare, babu mai kare, babu takardar likita ta ranar cizo.

Haka ciwon haukan kare yake. Ƙwayar cutar tana shiga ta yawun dabbar, ta bi jijiya a hankali tana hawa zuwa ƙwaƙwalwa. Yawanci wata biyu zuwa uku take ɗauka, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, kuma cizon da ya fi kusa da kai ya fi saurin isa. Muddin ba ta isa ba, allura tana tare ta. Da zarar alamu sun bayyana kuwa, kusan babu wanda ke tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 59,000 ke mutuwa da ita duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan dukansu ta hanyar kare suka kamu. Maganin nan ba sabo ba ne. Tun ranar 6 ga Yuli 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara tara mai suna Joseph Meister allurar, ya rayu. Shekarunsa ɗaya da ɗan makiyayin nan.

A nan ne dokar diyya take gazawa, ko da an san mai kare. Kotu tana tafiya da watanni, cutar tana tafiya da kwanaki. Diyyar da za ta fito bayan wata takwas ba ta sayen allurar da ake bukata yau. Na ga iyayen da suka yi allurar farko suka kasa komawa ta biyu. Na ga waɗanda suka zauna suna jiran mai kare ya kawo kuɗi har mako ya shige. Saboda haka babban roƙona, wanda in shi kaɗai kuka amsa na gode, shi ne kowace gunduma ta ware asusu a kasafinta don wanda kare ya ciza: a yi masa allura a ranar, da ruwan kariyar da ake sa wa ciwo mai zurfi ta allura in likita ya ce ana bukata, ba tare da an tambaye shi ko sisi ba. Bayan haka gunduma ta bi mai kare ta karɓi kuɗinta. Hukuma tana da ƙarfin bin bashin da bazawara mai sayar da gyaɗa ba ta da shi, kuma in hukuma ce ta bi, an ɗauke wa maƙwabci nauyin kai maƙwabcinsa ƙara. Inda kare ba shi da mai shi, asusun ya ɗauka, domin titin da karen yake yawo a kai a hannunku yake. Dokar ƙananan hukumomi ta 24 ga Disamba 2019 ta ɗora wa magajin gari kula da tsaro da lafiyar jama'a a cikin gari, har da hana ɓarnar dabbobin da aka saki suna yawo.

Na san za a ce babu kuɗi. Ku tambayi ma'aikatar lafiya. A watan Yuni 2024 ƙungiyar Gavi, wadda ke taimaka wa ƙasarmu da alluran yara, ta sanar cewa za ta tallafa wa ƙasashe fiye da 50 da allurar haukan kare ta mutane. Akwai kuma tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2018, na yin allurar a cikin fata da ɗan kaɗan, zuwa uku a cikin mako guda, wanda kwalba ɗaya ke isar mutum fiye da ɗaya. Muryar magajin gari tana isa Yawunde, tawa ba ta isa. Ku nemi a ajiye allurar a asibitocin gundumomi ma, kada mutumin Lagdo ko na Gashiga ya ga nisa da kuɗin mota ya ce bari a gani tukuna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai batun sanin mai kare, wanda in babu shi sashe na 1385 rubutu ne kawai a takarda. Ba sai mun je Turai neman misali ba, Injamena tana nan kusa. A 2012 da 2013 hukumomin Chadi tare da masana daga Suwizalan sun yi gangamin yi wa karnukan birnin allura kyauta, unguwa-unguwa. Sun yi wa fiye da 18,000 a shekarar farko, fiye da 22,000 a ta biyu, kowane karo sun haura kashi 70 cikin 100, wanda shi ne mizanin da in an kai shi cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa tsakanin karnuka. Aka yi watanni ba a samu mahaukacin kare a birnin ba, sai daga baya cutar ta sake shigowa daga waje. Kafin wannan, a 2006, an gwada sa masu karnuka su biya wani abu, waɗanda aka yi wa ba su kai kashi 25 cikin 100 ba. Darasin a fili yake: allurar kare ta zama kyauta, a kuma maimaita ta, a haɗa da ƙauyukan kewaye. Wani abin da aka gano a can, ni ma na yarda da shi a nan, shi ne yawancin karnukan da muke kira marasa gida suna da gida. Sakin su ake yi su nemi abinci a juji da bakin mahauta, sai ranar da suka yi ɓarna kowa ya ce ba nasa ba ne.

Garwa ta fi garuruwa da yawa dacewa da wannan aiki. Ga Cibiyar Pasteur, ga babban ɗakin binciken dabbobi na ƙasa, LANAVET, a Bokle, ga ma'aikatan ma'aikatar kiwo. Abin da ya rage a haɗa su da lawanai da jaurori, waɗanda suka san kowane gida. Ranar da aka yi wa kare allura a rubuta shi a littafin unguwa, a ba mai shi kati, a ɗaura wa karen abin wuya mai lamba. Daga ranar, tambaya biyu cikin ukun nan sun samu amsa. Ba na neman a hana kowa kiwon kare. Makiyayi yana bukatarsa, mafarauci yana bukatarsa, mai gona da mai gidan da ɓarayi suka dama suna bukatarsa, kuma 'yan'uwanmu da yawa a garin nan kare ɗan gida ne a wurinsu. Wanda ya ajiye dai ya amsa sunansa.

Tambaya ta uku, yana ina, amsarta wurin tsarewa ne. Gari kamar Garwa ya kamata ya samu keji na hukuma inda za a kai karen da ya yi cizo ya cika kwanakinsa 15 a idon likitan dabbobi, mai shi ya biya abincinsa, wanda ya ɓoye ko ya sayar da shi kafin lokacin a ci tararsa. A kuma gaya wa matasa su daina bin kare da sanduna su kashe su jefa a kwata. In dole ta sa an kashe shi, kada a taɓa da hannu tsirara, a kira likitan dabbobi ya kai kan karen ɗakin bincike, domin a ƙwaƙwalwarsa ake gane ko yana da cutar. Zuba guba a tituna kuwa ina roƙonku kada ku ɗauke shi mafita. Tana kashe wanda aka yi wa allura da wanda ba a yi wa ba, tana kashe ungulu da awaki, tana iya faɗawa hannun yaro, bayan 'yan watanni kuma wasu karnukan sun cike gurbin. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan.

Na ƙarshe ba ya cin kuɗi sosai. A fassara sashe na 1385 da Hausa da Fulatanci da sauran harsunan garin nan, a karanta a rediyo, a ba limamai da fastoci da malaman makaranta, a manna a ƙofar kowane asibiti tare da abin da mutum zai yi a ranar: wanki da sabulu minti 15, asibiti kafin dare, takardar likita, hoton ciwo, sunan shaidu, kowane rasit a ajiye. A roƙi Mai Martaba Lamiɗo ya umarci jaurori cewa in irin wannan magana ta zo gabansu, biyan magani ne farko, sulhu ya biyo baya. A kuma sauƙaƙa kuɗin takardar likita ga yara da marasa hali, domin da yawa a nan suke tsayawa.

Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, ranar da Pasteur ya rasu a 1895, kuma ƙasashe sun sa wa kansu 2030 a matsayin shekarar da ba za a ƙara rasa rai ta cizon kare ba. Ina roƙon kafin wannan rana ta zagayo majalisunku su zauna a kan asusun nan da littafin unguwa. Fassarar Hausa na riga na yi ta, tana nan a kwamfutata, duk ranar da kuka aiko zan bayar ba tare da kuɗi ba. Duk wanda kare ya ciza kuma ya zo teburina, takardarsa kyauta ce.

Jikata ta warke, alhamdu lillahi, sai tabo huɗu. Amma har yau ba ta bin ta ƙofar gidan nan, zagayawa take yi ta bayan masallaci ko da ta makara. A watan jiya maƙwabcina ya kawo sabon ɗan kwikwiyo. Na tambaye shi kati, ya ce zai nema.

Na gode da kuka saurare ni. Allah ya ja zamaninku.

Naku,
Wani mai rubuta wa jama'a takarda,
Hausare, Garwa